Na Haife Shi Wata 7 Bayan Aure, Sun Ce Ba Shi da Gado

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya rasu bara a nan Azare. Ɗana na haife shi wata 7 bayan ɗaurin aure, yanzu shekararsa 14, shi kaɗai ne namiji, 'ya'yan uwargida duk mata ne. Ƙannen marigayin sun ce da cikinsa na shigo, don haka ba za a sa shi a rabon gida da gona ba. Yaron har ya daina fita cikin sa'o'insa. Ina makomarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Baiwar Allah, ɗanki cikakken magaji ne.

A Malikiyyar da kotunanmu ke bi, wanda ya tabbata ba ta hanyar aure aka same shi ba, ba ya gadon wanda ya yi cikinsa, amma yana gadon uwarsa. Mutumin in ya so, ya yi masa wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Wannan hukunci bai shafi ɗanki ba.

Abin da ke ƙona mini rai, kusan kullum sai an kawo mini irin wannan: mutane sun ɗauka dangi suna da ikon sheganta yaro. Wa ya ba su? Mafi ƙarancin ciki a shari'a wata 6 ne. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta haɗa ciki da yaye wata 30, Baƙara aya ta 233 ta ce shayarwa shekara 2, wato wata 24, in an cire daga 30 saura wata 6. Manzon Allah (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa. Miji kaɗai ke kore ɗa, ta hanyar li'ani, wato rantse-rantsen da yake yi cewa ɗan ba nasa ba ne, a gaban alƙali, kuma in ya ga haihuwar ya yi shiru, damar ta wuce shi. Wannan bawan Allah ya yanka rago, ya raɗa suna, ya ciyar da yaro shekara da shekaru, sai da ƙasa ta rufe idonsa za a fara ƙirgen wata a zaure? Wasu su ce ai bai yi kama da uban ba. An kawo wa Annabi irin wannan ƙorafi kan jariri baƙi, ya ba mutumin misali da launin raƙumansa, bai yarje masa ya kore ɗan ba. Wanda ya jefi mace kamila babu shaidu 4, bulala 80 ce a kansa.

Ki lura da abu ɗaya: muddin akwai ɗa namiji, ƙannen mamaci ba su da ko sisi. In an cire ɗanki ne ragowar dukiyar ke faɗawa hannunsu.

Kada ki dangwala hannu a kowace takardar sulhu. Ki ɗauki waliyyinki, da waɗanda suka halarci ɗaurin auren da sunan, da takardar haihuwa, ku shigar da ƙara a kotun shari'a, ku roƙi alƙali ya dakatar da sayar da gonar har a yi rabo. Yaron kuma ki zaunar da shi yau ɗin nan, ki faɗa masa ɗan babansa ne.