Amsoshin Tambayoyinku: Bazara, Hadari, Bakan Gizo da Sauran Kalmomin Yanayi Don Yara

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan karo kusan duk a kan yanayi suke, kuma yawancinsu daga iyaye da malaman firamare suka fito. Na zaɓi waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani yara kai tsaye.

Wata malama mai koyar da 'yan aji uku a Zariya ta ce: "Littafin da nake koyarwa da shi ya ce lokutan shekara huɗu ne, ni kuwa na taso ina jin sunaye biyar. Wanne zan koya wa yara?"

Malama, ki koya musu abin da idonsu ke gani, jikinsu ke ji. Rabon shekara gida huɗu daidai wa daida lissafin ƙasashen Turai ne, inda sanyi da ɗumi ke raba shekara. A ƙasar Hausa ruwa ne ke raba ta. Shi ya sa Bahaushe ya fara tsaga shekara gida biyu, damina da rani, sannan ya shiga ciki ya ba kowane yanki sunansa.

Bazara ita ce zafin da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa, daga Maris zuwa Mayu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan haura digiri 40 a wannan lokaci. Rijiyoyi na ja da baya, mangwaro na nuna, manoma na sharar gona da kai taki. Cikin bazara ne shamuwa ke dawowa daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a manyan bishiyoyin gari, yara kuwa da sun gan ta sun san ruwa ya kusa.

Daga nan sai damina ta faɗi. Ba rana ɗaya take faɗuwa ko'ina ba: ku a Zariya kukan riga Kano, Kano ta riga Damagaram da Tawa, domin daga kudu ruwan ke haurowa arewa. Wasu na cewa damuna, Sakkwatawa su ce damana, duk daidai ne. Tsakiyar damina, wajen watan Agusta, ita ce marka, ko malka a bakin mutanen yamma: a wuni a kwana ana ruwa, rana ba ta leƙo ba, shanya ta ƙi bushewa, katangun ƙasa na zubewa. In ruwa ya fara ja da baya akan yi wani ɗan zafi mai gumi, wanda tsofaffi ke kira agazari. Sai kaka, lokacin girbi da sussuka da cika rumbu. Sai hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Rani fa? Shi ne babban sunan duk watannin da ba a ruwa, don haka hunturu da bazara a cikinsa suke. Daga nan aka sami noman rani da cin rani. Kin ga ke nan sunayen biyar ne, amma ba yanka biyar masu tsawo ɗaya ba ne, wani yana cikin wani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu fassara ke ɗaukar sunan bazara su laƙaba wa lokacin da furanni ke tohowa a Turai. Yaro ya karanta cewa bazara lokaci ne mai ni'ima da iska mai daɗi, ya fito daga aji cikin Afrilu ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Ɗaya daga cikin biyu zai yi: ya daina yarda da littafi, ko ya ɗauka Hausar gidansu ce ba daidai ba. Na biyun ya fi ciwo. Ki sa su lura da bishiyar gawo ma, in akwai ta kusa da makaranta: ita da damina take kaɗe ganye, da rani ta yi kore shar. Yaron da ya bi gawo da shamuwa shekara guda ba zai sake rikita waɗannan sunaye ba.

Wani ɗalibin sakandare daga Katsina ya tambaya: "Hadari da haɗari kalma ɗaya ce? Kuma mene ne bambancin hadari da gajimare?"

Samari, kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba sai kamar rubutu. Hadari, da d marar lanƙwasa, shi ne baƙin girgijen da ke ɗauke da ruwa. Haɗari, da ɗ mai lanƙwasa, shi ne abin tsoro ko karon mota, kuma daga Larabci aka aro shi, shi ya sa za ka ji wasu na cewa hatsari. Wanda ya rubuta wa mahaifiyarsa "haɗari ya tare mu a hanya" alhali ruwa yake nufi ya tayar mata da hankali a banza. Wayoyin zamani suna da haruffan Hausa, ka saka su ka riƙa amfani da su.

Gajimare da girgije kuwa sunan kowane irin dunƙulen da ke yawo a sama ne, fari ko baƙi, da ruwa ko babu. Jam'in girgije gizagizai. Ba kowane girgije ne hadari ba. Sai ya haɗu ya yi duhu, iska ta canja, ana walƙiya, sannan a ce hadari. Kuma yana da kalmomin aikinsa da ya kamata yara su sani: hadari ya haɗu, ya taso, ya gangamo. In bai zubar ba, a ce ya baje ko ya washe. Idan sama ta rufe kawai babu rana babu ruwa, gari ya yi lumshi. Ruwan kansa, in ƙanana ne a hankali, yayyafi ke nan. In ya tsuge da ƙarfi, a ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. In ya tsaya, an ɗauke ruwa.

Ga wani abu da ba ka tambaya ba amma ya cancanci sani. Kowane manomi zai gaya maka cewa hadarin gaske daga gabas yake tasowa, alhali a makaranta an koya maka cewa iskar da ke kawo damina daga kudu maso yamma take, daga Tekun Atilantika. Duk biyun gaskiya ne. Iskar teku mai laima a ƙasa-ƙasa take shigowa. Zafin rana ya ɗaga ta sama, ta huce, ta zama girgije. A can sama kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Don haka laimar daga teku, hadarin daga gabas.

Wani uba daga Maraɗi ya aiko da tambayar 'yarsa mai shekara 8: "Me ya sa nake ganin walƙiya kafin in ji tsawa? Kuma mece ce aradu?"

'Yata, kin yi tambayar masu hankali. Walƙiya ita ce hasken, tsawa ita ce ƙarar, kuma lokaci ɗaya suke faruwa a cikin hadari. Sai dai haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba. Haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sauti sai ya yi daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita guda. In kin ga walƙiya, ki fara ƙirge a hankali. Idan kin kai 3 kika ji tsawa, nisan abin kamar kilomita ɗaya ne. In kin kai 9, kilomita 3 ke nan.

Rugugin da kike ji daga nesa, mai kama da ana mirgina wani abu mai nauyi a sama, sunansa cida. Aradu kuwa ita ce wadda ke faɗowa ƙasa ta tsaga bishiya ko ta kashe dabba, ana kuma ce mata kwarankwatsa. Kalmar aradu daga Larabci take, kuma in kin kai Sura ta 13 a Alƙur'ani za ki ga sunanta Suratur Ra'ad, tushensu ɗaya. Mutane kan ce "tsawa ta faɗi", amma abin da ke yin ɓarnar wutar walƙiyar ce, ba ƙarar ba.

Malam, a gaya mata da ƙannenta: in ana walƙiya kada su fake a gindin bishiya, kada su tsaya a fili, kada su shiga kududdufi. Su shiga ɗaki. Yara masu kiwo da masu kai abinci gona su ne suka fi buƙatar jin wannan, kuma su ne aka fi mantawa a gaya wa.

Wata uwa daga Kumasi ta ce: "Kakar yarana ta ce musu bakan gizo yana shanye ruwa. Su kuma suka tambaye ni ko gaskiya ne."

Hajiya, kada ki ƙaryata kaka a gabansu, ki dai ƙara musu bayani. Maganar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, har wasu na kiran bakan gizo masha-ruwa. Sunan kansa daga baka ne, wanda ake harba kibiya da shi, aka jingina shi ga Gizo, mijin Ƙoƙi na tatsuniya. Mutanen da sun lura da abu na gaskiya: sau da yawa in ya fito, ruwa ya kusa ɗaukewa. Dalili kuwa, ba ya bayyana sai gizagizai sun tsage rana ta sami hanya. Haskenta ya ratsa ɗigon ruwan da ke sama, ya rarrabu launi-launi, ja a waje, shuɗi da ɗan'uwansa a ciki. Kullum yana ɓangaren da ke kishiyar inda rana take: da safe a yamma, da yamma a gabas. Su gwada da kansu. Da hantsi ko da la'asar su juya wa rana baya, su guntsi ruwa su fesa, za su ga ɗan ƙaramin bakan gizo a gabansu.

Wani malamin Islamiyya daga Gusau ya nemi bambancin sanyi da ɗari, da ma'anar hazo da raɓa da ƙanƙara.

Allah gafarta Malam, sanyi ya game komai, har ruwan randa da sanyin marka. Ɗari kuwa busasshen sanyin hunturu ne, mai fasa leɓe da sa kaushi da faso. A rubuce ya yi kama da ɗari na lissafi, amma a baki wasalin farko na ɗarin hunturu ja ake yi. Hazo ƙura ce mai laushi da ke rataye a sama ta dushe rana, har jiragen sama su kasa sauka a Kano. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, kuma kaso mai yawa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe. Raɓa ba daga sama take zubowa ba: laimar iska ce ke kwanta wa ciyawa in ƙasa ta huce da dare. Ƙanƙara ɗigon ruwa ne da iska ta cilla can ƙololuwar hadari ya daskare, ya faɗo kafin ya narke. A haɗa musu da gaisuwar kowane lokaci. "Yaya ruwa?" amsarta "Ruwa ya yi gyara." "Yaya ɗari?" amsarta "Lokacinsa ne."

Wani dattijo daga Haɗeja ya ce jikokinsa sun tambaye shi ma'anar "hadarin ƙasa maganin mai kabido", ya ga ba su ma san kabido ba.

Baba, nan ne matsalar take. Karin magana ba ya shiga kan yaro in bai san kayan da aka gina shi da su ba. Kabido rufi ne da ake saƙawa da kaba, makiyayi ko manomi ya kifa a ka ya sauko masa har baya, ruwa ya bi ta kai ya zube. Duk tsarinsa na abin da zai zo daga sama ne. To, ina dabararsa in hadarin daga ƙasa ya taso? Ana faɗin wannan ga wanda ya shirya tsaf yana ganin ba abin da zai same shi, sai abu ya ɓullo masa ta inda bai tsare ba. Ana kuma yi wa gwarzon da ba a iya kauce masa kirari da shi. In da mai saƙar kaba a kusa, a sa ya yi musu ɗan ƙarami su kifa a ka, daga ranar ba sai an sake bayani ba.

Tunda jikokin suna da kunnen ji, a ƙara musu waɗanda kayansu ke gabansu. "Da yayyafi kogi kan cika" na mai tara abu kaɗan-kaɗan ne, ya dace da yaro mai asusu ko mai hadda. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka" na wanda ya tsokano fitina ta faɗa kansa. "Iska na wahalar da mai kayan kara" ana faɗinsa ga mai ta fama da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma duk yaron da ya taɓa ɗauko kara daga gona cikin hunturu ya san yadda iska ke juya mutum. "Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa" kuwa sai a ɗan yi musu a hankali, domin sukan ɗauka dukan na mugunta ne. Ba haka ba ne. Ana nufin abin da ya iso gare ka shi ne abin lissafi: ko an kwana ana ruwa a Gumel, manomin Haɗeja ba zai yi shuka ba sai ya sauka a gonarsa. Shi ya sa ake faɗinsa a kan mutumin da ya taimake ka da ɗan abin da yake da shi, a fifita shi a kan attajirin da sai labarin kyautarsa kake ji.