Injin zuƙe ƙurar katako da lafiyar kafinta: Amsoshin likita

Tambayoyin wannan makon daga shagunan kafintoci suka fito, kuma kusan duka a kan injin zuƙe ƙura ne, wato injin nan mai fanka da buhu da ake jona wa injin zarto ko injin fere katako ta bututu.

Tambaya: Likita, wata shida ke nan da na sayi injin zuƙe ƙura mai buhu biyu. Ƙasan shago ya yi fes, amma tari da atishawa suna nan, kuma kullum da safe sai in tarar da farin gari kwance a kan benci. Ina matsalar take? (Kafinta daga Kano)

Amsa: Malam, garin da kake gani a kan benci shi ne amsarka. Injinka yana kwashe ɓarɓashi masu nauyi, waɗanda dama ƙasa suke faɗuwa, ba su kai wa huhu. Ƙurar da ke cutarwa ita ce wadda ido ba ya gani. Ana auna ta da maikiron: kaurin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 70, ita kuwa wadda ke gangarawa cikin huhu ba ta wuce maikiron 10. Buhun yadin da ke zuwa da yawancin ƙananan injuna na maikiron 30 ne. Ka ga ke nan kamar ka tace kunu da kwando. Fanka ta zuƙo lallausar ƙura daga bakin zarto, ta huro ta ta ramukan buhun sama, daidai tsayin hancinka, ta yi ta yawo a iska na sa'o'i kafin ta kwanta cikin dare.

Ka gwada da kanka. Rufe ƙofa da taga shago ya yi duhu, kunna injin, ka haska tocila mai ƙarfi ta gefen buhun sama. In ka ga hazo yana tashi a cikin hasken, buhun ne. Ka bi da hasken ta wajen maɗaurin buhu da duk mahaɗar bututu, domin nan ma yakan yi yoyo.

Gyara iri biyu ne. Ko ka canza buhun sama da matata mai naɗe-naɗe ta maikiron 1 ko ƙasa da haka, ko ka fitar da injin waje, ka yi masa rumfa, bututu kawai ya shigo ta bango. A ƙasarmu da ba ma dumama ɗaki, na biyun ya fi sauƙi kuma ya fi arha, muddin iskar ba ta fuskanci tagar maƙwabci ko mai sayar da abinci ba. Ka bar taga ɗaya a buɗe don iska ta maye gurbin wadda ake zuƙewa. In janareta kake amfani da shi, kada ya kasance kusa da wannan tagar, don injin zai jawo hayaƙinsa ciki, hayaƙin janareta kuwa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Don ka san ƙanƙantar abin da ake magana: dokar Ingila ta kayyade ƙurar katako mai tauri a miligiram 3 cikin kowace mita kubik ta iska, a aikin sa'o'i 8. Shago mai tsawon mita 5, faɗin 4, tsayin 3, miligiram 180 ke nan gaba ɗaya. Bai kai rabin nauyin ƙwayar farasitamol ba.

Tambaya: Na ja bututu zuwa injuna huɗu, amma yanzu jan ya yi rauni kuma bututun yana toshewa. Injin doki biyu ne. (Mai shago daga Zariya)

Amsa: Injin doki biyu na'ura ɗaya yake iya yi wa aiki a lokaci guda. Ka sa ƙofar iska a kowane reshe, ka buɗe ta na'urar da ake aiki da ita, ka rufe sauran. Ɓarɓashi ba ya tafiya a bututu sai iska tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. In ka raba ta gida huɗu gudun ya faɗi, sai ya kwanta ya taru. Kada ka rage faɗin bututu: in ka sauko daga inci 4 zuwa inci 2, kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar iska kawai zai saura maka. Tiyo mai ƙwarya-ƙwarya yana cin ƙarfin iska fiye da bututu mai santsi nesa ba kusa ba, don haka ka bar shi gajere, a ƙarshen layi kawai. Inda za ka yi kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90. Injin fere, da yake ya fi kowa zubar da ɓarɓashi, shi ya kamata ya fi kusa.

Sai matata. In ta cika da gari jan yana raguwa, ka kaɗe ta a ƙarshen aiki, injin a kashe. Ganga mai murfi da ke juya iska, in aka sa ta kafin fanka, takan riƙe mafi yawan ɓarɓashi, matata ta daɗe ba ta toshe ba. Abu ɗaya da mutane ke ɗauka a juye: motar injin ta fi jan wuta lokacin da baki yake a buɗe ba bututu ba buhu. Kada ka bar shi yana gudu haka, zai iya ƙone koyil.

Tambaya: Maigidana kafinta ne. Da dare ƙirjinsa yana kuka, numfashi yana yi masa wuya, amma da muka je gida hutun Sallah ya warware sarai. Ya ce ba aikin ba ne, tunda a shago lafiya lau yake wuni. (Uwargida daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, kin lura da abin da likita ke nema. Asmar da aiki ke haddasawa sau da yawa ba ta tashi a shago. Sai bayan sa'o'i, da yamma ko tsakar dare, shi ya sa masu ita ke wanke aikin daga zargi. Alamarta ita ce samun sauƙi ranar hutu da dawowa in an koma. Iroko da obeche, waɗanda ke cike da kasuwannin katakonmu, suna cikin itatuwan da aka tabbatar suna jawo ta. Iroko yana kuma sa ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya da hannu, mansoniya kuwa har haɓo takan sa.

Ya je asibiti a yi masa gwajin hura iska. Akwai kuma ƙaramin ma'aunin numfashi da zai riƙa hurawa aƙalla sau huɗu a rana, har mako uku zuwa huɗu, yana rubuta lamba, da ranakun aiki da na hutu. Takardar nan ita ke nuna gaskiya. In akwai tari kuma ya wuce mako biyu, a duba majina saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Maganin shaƙa na salbutamol yana buɗe ƙirji na ɗan lokaci, bai hana ciwon ci gaba. In jiki ya riga ya tsani ƙurar wani icce, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ita, ko da injin zuƙe ƙura yana aiki. Wanda ya rabu da wannan iccen da wuri ya fi samun warkewa. Wanda ya daure shekaru yakan zauna da asma har bayan ya bar sana'ar. Tufafin aikinsa su tsaya a shago, kada a kaɗe su a ɗaki inda yara suke. In numfashi ya hana shi ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka canza launi, asibiti a daren, ba a jiran safiya.

Tambaya: Ni da ƙanina mai walda muke raba shago. Yana so ya jona giranda a bututun. Akwai illa? (Daga Maraɗi)

Amsa: Akwai, babba. Kada ku yi. Tartsatsin ƙarfe ɗaya in ya faɗa buhun gari ba ya kamawa nan take. Yakan yi ta ci a ciki shiru, sai kun kulle shago kun tafi wuta ta tashi. Haka ƙusa ko sukuru in ya bugi fankar ƙarfe. Saboda haka kada a share ƙasa a tura cikin bututu sai an bi da maganaɗisu, kuma guntun sigari ba shi da wuri a shagon.

Lallausan gari in ya tashi a iska da kauri a rufaffen wuri, fashewa yake yi. A 2012 masana'antun tsaga katako biyu a yammacin Kanada sun fashe wata uku tsakani, mutum huɗu suka mutu, kuma bincike ya ɗora laifin a kan garin katako da ya taru. Ƙaramin shago bai kai can ba, amma hanyar ɗaya ce: ƙaramar fashewa ta girgiza garin da ke kan katakon rufi da saman kabad, shi kuma ya kama. Ku riƙa sauke wannan garin duk mako. Ku juye buhu kullum kafin tashi, a ajiye garin a waje nesa da bango. Jikin injin ya kasance da wayar at, wato wayar da ke kai lantarki ƙasa. Bututun roba yana tara lantarki, musamman da hunturu, har ya ja mutum. Na ƙarfe da aka haɗa da at ya fi. In kun ji ƙauri, ku kashe injin tukuna, don fanka tana hura wa wutar iska. Kada ku buɗe buhun da ƙarfi ko ku watsa masa ruwa da matsi, garin zai tashi ya kama. Yayyafi ake yi a hankali. Walda dai ta koma waje.

Tambaya: Ni yaron shago ne, ni nake juye buhu. Oga yana ba mu madara ya ce tana wanke ƙura. Takunkumin asibiti nake sawa. (Daga Jos)

Amsa: Yaro, ka sha madararka, abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Ba sa haɗuwa. Takunkumin asibiti a buɗe yake ta gefe. Nemi mai lamba N95 ko FFP2, in da hali FFP3, mai igiya biyu da ƙarfen matse hanci. Ka rufe shi da tafin hannu ka fitar da numfashi. In iska ta fito ta gefen ido ko kumatu, bai zauna ba. Masu gemu su sani gashi yana hana shi kama fuska. Wanda ba zai taɓa gemunsa ba, akwai hular da ke rufe kai duka mai ƙaramar fanka da batir, ita ce tasa.

Juye buhu shi ne lokacin da ka fi shaƙar ƙura a duk yini. Ka cire filogi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba: in an ɗauke wuta aka manta makunni a kunne, tana dawowa injin zai tashi da hannunka a ciki. Ka jira fanka ta tsaya cik, don takan ci gaba da juyawa bayan an kashe. Ka ba shi minti goma gari ya kwanta. Kada ka bari buhu ya wuce kashi biyu cikin uku. Buhun leda a ƙasa ya fi na yadi, sai ka ɗaure bakinsa ka fitar ba tare da zazzagewa ba. In bututu ya toshe, a kwance mahaɗa a zura sanda, ba hannu ba.

Kada ka hure jikinka ko benci da iskar kwamfireso, kuma kada ka yi shara a bushe. Yayyafa ruwa tukuna. Kunne ma yana da haƙƙi: iyakar ƙara ita ce desibel 85 a sa'o'i 8, injin fere kuwa yakan kai 100. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, sa abin toshe kunne.

Tambaya: Shekara 30 ina kafinta. Wata uku ke nan hancina na hagu a toshe, wani lokaci da jini. Na ɗauka hunturu ne. (Dattijo daga Sakkwato)

Amsa: Baba, hunturu hanci biyu yake busarwa, ba ya zaɓar ɗaya. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin hanci da kogunan da ke kewaye da shi, kuma yakan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40 da fara aiki. Ciwon ba shi da yawa, kuma tsiron hanci marar illa ma yana toshe gefe ɗaya. Amma da shekarunka a sana'ar, a daina ɗiga maganin mura. Ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro cikin makon nan ya leƙa da na'ura, ka kuma faɗa masa aikinka da bakinka. In akwai kumburin kumatu, ko hawaye daga ido ɗaya, ko haƙoran sama suna girgiɗi, ka ambata.

Tambaya: Garin da injin ya tara, zan iya sayar wa masu kaji da masu girki? (Daga Kumasi)

Amsa: Ɓarɓashin fere na tsantsar katako, e. Lallausan garin sanfefa yana damun numfashin kaji. Garin MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako) da filawud akwai gam mai sinadarin fomaldehaid a ciki, katakon da aka jiƙa da maganin gara kuma wani yana ɗauke da gubar asenik, musamman mai launin kore-kore. Waɗannan ba na murhu ba ne, ba na ɗakin kaji ba. Ranar da za ka yanka su, ka sa buhu daban.