Haƙarƙarin sa a obin: me ya sa yake fitowa da tauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Ɗana zai sauke Alƙur'ani, za mu yi walima, manyan baƙi sun kai goma sha biyu. Ina so in gasa musu haƙarƙarin sa guda da ƙashinsa a obin ɗin gas. Na gwada da Babbar Sallah, na bi wani bidiyon Turawa, da na yanka na ga ja a ciki sai na mayar da shi wuta. Ya fito da tauri, yajin kuma ya yi ɗaci. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a karatun yaro.

Naman da ke cikin bidiyon nan ba irin namu ba ne. Nasu na sa ne da aka turke, kitse ya ratsa tsokarsa, kuma an rataye shi a ɗakin sanyi mako biyu ko uku kafin a sayar. Shanun da ake yankawa a Kumasi yawancinsu na kiwo ne, daga arewa ko Burkina Faso, sun sha tafiya, kitsensu kaɗan, jijiya da yawa, kuma yankan asuba ne kike saye da hantsi.

Nama na da wuri biyu da yake taushi. Na farko idan zafin tsakiyarsa yana tsakanin digiri 55 da 63 a ma'aunin Salshiyos, wato gashin Turawa mai ja-ja. Wannan jan ba jini ba ne, jini ya fita tun wurin yanka, launin tsokar ne da ruwanta. Na biyu idan ya daɗe a wuta ya kai wajen 90, inda jijiya ke narkewa ta zama danƙo. Tsakaninsu, wajen 70 zuwa 75, ruwa ya tsiyaye, jijiya ba ta narke ba. Nan kika ajiye naki da kika mayar da shi wuta. Tunda dattawanmu ba sa son ganin ja a faranti, ki nufi na biyun kai tsaye.

Ki je wurin mahauci tun kwana ɗaya kafin yanka, domin in ba ki riga shi ba, adda zai sa ya daddatsa. Sa na da haƙarƙari goma sha uku a kowane gefe; abin da kike so shi ne daga na shida zuwa na goma sha biyu, ɓangaren sama da ke manne da gadon baya, inda tsokar ke da kauri. Kilo huɗu ya ishi mutum goma sha biyu idan akwai jalof ko shinkafa da wake. Ya bar miki kitsen saman, ya cire ƙashin baya, da zarto in yana da shi, don sara na barin ɓarɓashin ƙashi a nama.

Kada ki gasa ranar da aka yanka. Sa'o'i kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare, sai ta kwana biyu ko uku take saki. Ki ɗora shi a tire a ƙasan firij mai sanyi sosai, ba firiza ba. Idan wutar unguwarku na yawan ɗaukewa, kwana ɗaya ya isa, kada garin neman taushi a yi asarar nama.

Daren jajibiri ki shafa gishiri, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ga kowane kilo, tare da dakakkiyar citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari kaɗan. Yajin cicinga, wato yajin tsire, kuwa ki ajiye shi gefe. Ƙuliƙuli ne a cikinsa, gyaɗa kuma ba ta jure daɗewa a wuta, shi ya sa naki ya yi ɗaci. Masu shafa ɗanyar gwanda ko abarba su sani bayan naman kawai take dagargazawa, ba ta shiga tsakiyar guntu mai kauri haka.

Ranar walima ki fitar da shi awa ɗaya kafin gashi, kada ya wuce haka a zafin Kumasi. Ki shimfiɗa manyan albasa uku a tire mai zurfi, ki zuba ruwa kofi biyu da kimba guda biyu, ki kwantar da naman ƙashi a ƙasa, kitse a sama. Ki rufe da takardar foyil ninki biyu, ki danne bakin kada tururi ya fita. Wuta digiri 150. Obin ɗin gas da yawa ba sa faɗin gaskiya, wutarsu kuma daga ƙasa take, don haka tiren ya zauna a tsakiya, ki juya gabansa baya bayan awa biyu. Zai ci awa huɗu zuwa biyar. Daga awa uku da rabi ki fara dubawa: ki soka ma'aunin zafi a tsakiyar tsoka, kada ya taɓa ƙashi, wajen digiri 90 kike nema. In babu, ki soka tsinken tsire. Ya shige ba gardama, ya yi. In ruwan ya ƙafe ki ƙara mai zafi.

Sai ki cire foyil, ki juye romon a tukunya, ki shafa wa naman mai, ki ɗaga wuta zuwa 220 na minti goma sha biyar har kitsen ya yi ja. A minti biyar na ƙarshe ne yaji ke shiga.

Ki bar shi ya huta minti talatin kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba ruwansa a kan katako zai ƙare. Ki bi jikin ƙashi ki zare tsokar gaba ɗaya, ki yanka ta a gicciye da zaren naman, kaurin ɗan yatsa. Romon ki kwashe man da ya taso, ki tafasa ya ragu rabi, ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri, sannan ki zuba a kan yankan.