Amsa: Haɗa gajeriyar bindiga da salansa

Ka ce kana da gajeriyar bindiga mai harsashin milimita 5.56, kana son saka mata salansa (na'urar rage ƙarar harbi) da tocila da madubin saiti, ba ka san ta inda za ka fara ba.

Fara da takardun izini tukuna. A Amurka, dokar bindigogi ta 1934, da gyare-gyaren da aka yi mata, ta wajabta rajistar salansa da duk raifal (bindigar da ake ɗorawa a kafaɗa) mai bututu ƙasa da inci 16 a ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi. Wasu ƙasashen kuwa sun haramta salansa kwata-kwata.

Sai batun daidaito, wanda na fi ba wa muhimmanci. Zaren bakin bututun 5.56, inda ake murɗa salansa, galibi 1/2x28 ne, wato kaurin rabin inci da zare 28 a kowane inci. Idan salansar ta ɗan karkace, harsashi zai daki cikinta. Kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya zura sandar gwaji ya tabbatar ta miƙe, kada ka dogara da ido.

Gajeren bututu mai salansa yana mayar da hayaƙi baya sosai. Na taɓa harbi kaɗan idanuna suka cika da hawaye, hannun rigata ya yi baƙi. Na'urar daidaita iskar gas ɗin bindiga (adjustable gas block) tana rage wannan.

Salansa ba ta kashe ƙara, ragewa take yi, don haka ci gaba da toshe kunne. Tana kuma zafi da wuri, har ta ƙona hannu.

Kayan ƙari kuwa, igiyar rataya da tocila da madubi ɗaya sun wadatar. Bayan saka salansa, sake gyara saitin madubin, domin wurin da harsashi ke sauka yakan canza.