Yafewa ba ta rufe bakin wanda aka zalunta

'Yata, na karanta tambayarki tun daren jiya, kuma sai da na kwana da ita kafin na iya rubuta miki. Kin ce an kashe yayanki a gonarsa shekara uku da suka wuce, har yau ba a gurfanar da kowa ba, kuma duk lokacin da kika ɗaga maganar a majami'a sai a ce ki yafe ki bar wa Allah, shi ya sa kike son sanin ko Kiristan da ya yafe ya rasa bakin neman hakkinsa ke nan. Ina yi muku gaisuwar rashi, ke da iyayenki, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ni ba fasto ba ne, tsohon malamin firamare ne daga ƙasar Michika, ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma abin da ya same ni zan faɗa miki.

A farkon watan Satumba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Michika, muka bi duwatsu da ƙafa har muka kai Mubi. Ba mu cika wata biyu ba, a ƙarshen Oktoba, Mubi ma ta faɗi tare da hedikwatar ikkilisiyarmu da ke Kwarhi, muka sake ɗaukar yara muka nufi Yola. Ƙanena bai fito tare da mu ba, domin ya tsaya da mahaifiyarmu wadda ba ta iya tafiya, kuma a ƙofar gidanmu aka harbe shi. Wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya sa ransa a hatsari ya binne shi da dare, ya kuma ɓoye tsohuwar a ɗakin matarsa, kuma ba na ba da wannan labari ba tare da na ambaci alherinsa ba.

A Yola na yi watanni ba na iya addu'a, domin an rene mu a ikkilisiyar da tun kafuwarta a Garkida a 1923 take koyar da zaman lafiya da ƙin ɗaukar makami, ni kuwa na ɗauka cewa fushin da ke cikina zunubi ne da ya kamata in ɓoye. Littafin Habakuk ne ya kwance mini wannan ƙulli. Annabin ya buɗe maganarsa da tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji shi ba, ya ce doka ta yi sanyi, mugaye sun kewaye masu adalci, shari'a tana fitowa a karkace, kuma Allah bai tsawata masa ba, amsa ya ba shi. Haka ma a Ru'ya ta Yohanna sura ta 6, waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna ƙarƙashin bagade suna tambayar har yaushe. Idan waɗanda suka riga suka isa gaban Ubangiji suna wannan tambaya, ban ga wanda zai hana ki yin ta a duniya ba.

Abin da Romawa sura ta 12 ta hana shi ne ramuwa da hannunmu, ba ta hana kai ƙara ba. Da aka mari Yesu a gaban babban firist, bai rama ba, amma ya tambayi mutumin dalilin marin. Da mahukuntan Filibi suka yi wa Bulus bulala ba tare da shari'a ba, sannan suka so sallamarsa a ɓoye, ya ƙi fita sai sun zo da kansu, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Gwauruwar nan ta Luka sura ta 18 kuwa nacinta ne ya sa alƙali marar tsoron Allah ya bi mata hakkinta, kuma Ubangiji da kansa ya kafa ta misali.

Da muka koma gida a 2015, na tarar da rumbuna babu ko ƙwaya, kwanon rufin ɗakina da ƙofofina kuma na gan su a gidan wani mutum da na koyar da 'ya'yansa. Wasu matasa suka ce in ba su dama su ƙone gidan, na hana su. Wasu dattawa kuma suka ce in kau da kai don a zauna lafiya, su ma na ƙi maganarsu. Na tafi wurin mai unguwa, aka tara dattawan Musulmi da na Kirista, mutumin ya amsa laifinsa a gaban jama'a, ya dawo da abin da ya rage, ni kuma na ce masa na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Da na yi shiru tun farko, da har yau ina gaishe shi da baki ina zaginsa a ciki.

Wannan ne ya sa zuciyata ba ta kwanta da yadda ake mayar da tubabbun mayaƙa cikin jama'a ba, bayan an horar da su a sansanin Malam Sidi da ke jihar Gombe, alhali gwauraye da marayun da suka bari ba a tambaye su komai ba. Ba na ƙin tuba, domin ni ma da jinƙai nake rayuwa, amma tubar Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka sura ta 19, ta zo da alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Tuban da ba a faɗi gaskiya a cikinsa ba, ba a kuma share hawayen kowa ba, nauyinsa a kan wanda aka zalunta yake sauka.

Ba zan ruɗe ki da cewa kowa yana ganin adalci da idonsa ba. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an sace shi a Janairun 2020, ya yi magana cikin natsuwa a bidiyon da aka fitar yana cewa yana hannun Allah, kuma a cikin watan aka kashe shi. Wanda ya harbe ƙanena ma ban san sunansa ba har yau. Abin da yake riƙe da ni shi ne Almasihun da hukuma ta yanke wa hukuncin zalunci ya tashi daga matattu, kuma shi ne zai zauna a kujerar shari'a ta ƙarshe, inda ba a ɓatar da takardar ƙara, ba a kuma sayen shaidu.

Saboda haka ki rubuta ranar da abin ya faru da sunayen waɗanda suka gani tun suna raye, ki nemi dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata su riƙa raka ki duk lokacin da za ki bibiyi maganar a wurin hukuma, kada ki je ke kaɗai. Yafewar kuma kada ki bari a ƙwace ta daga bakinki kafin ta nuna a zuciyarki. Ni sai da na shekara biyu kafin na iya yi wa wanda ya kashe ƙanena addu'a, kuma har yanzu akwai safiyar da sai na sake farawa daga farko.