Yarona ɗan shekara 9 yana son The Hobbit: fim ko littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji huɗu a firamare, shekararsa 9. Kawunsa ya turo masa fim ɗin The Hobbit a waya, ya kuma ce akwai littafinsa, har da wanda aka naɗa a murya. Da wanne ya kamata ya fara? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A ajiye fim ɗin tukuna, a fara da na saurare, littafin kuma yana buɗe a gabansa yana bi da yatsa.

Dalilina yana cikin asalin labarin. Marubucin, J.R.R. Tolkien, malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, 'ya'yansa ya fara karanta wa shi kafin a buga a 1937. Mai kamfanin ɗab'in ma ɗansa Rayner Unwin, mai shekara 10, ya miƙa wa rubutun ya ce ya karanta ya kawo rahoto, aka biya shi sule ɗaya. Da yaron ya yaba aka buga. Saboda haka za ki ji marubucin yakan tsaya yana yi wa mai saurare magana kai tsaye, kamar yadda kaka ke yi tsakiyar tatsuniya. Don kunne aka tsara shi.

Babi na biyar ne inda na fi so ki zauna kusa da shi. Bilbo, jarumin labarin, ya ɓata a ƙarƙashin dutse, cikin duhu, ya ci karo da wata halitta mai suna Gollum a bakin wani tafki, suka shiga kacici-kacici: in Bilbo ya ci a nuna masa hanyar fita, in ya faɗi a cinye shi. Ɗaya daga ciki amsarsa ƙwai ce, kuma duk yaron da ya san "ɗakin saurayi ba ƙofa" zai rigaye Gollum canka. Nan ki dakatar da sautin, ki bar shi ya yi ta lalube. A wurin ne kuma Bilbo ya tsinci zoben da ke ɓatar da mutum, irin aikin layar zana a labaranmu. Wanda ya karanta naɗin 2020, Andy Serkis, shi ne ya fito a Gollum a fim, muryar nan tasa mai kwarmi tana sa tsigar jiki tashi. Naɗin ya haura awa 10, babi 19, in ana yin babi ɗaya ko rabinsa bayan isha'i zai kai ku wata guda. Turancin tsoho ne, akwai waƙoƙi masu nauyi, don haka kowane dare ki sa ya maimaita miki abin da ya ji da Hausa.

Fim ɗin kuwa na manya ne. Daraktan, Peter Jackson, ya ɗauki littafin da bai fi shafi 300 da 'yan kai ba ya shimfiɗa shi fim uku, daga 2012 zuwa 2014, kusan awa 8 jimilla. Da me aka cike gurbin? Da faɗa. A littafi, ana tsakiyar babban yaƙin ƙarshe dutse ya bugi Bilbo a ka ya suma, sai da ƙura ta lafa ya farfaɗo aka ba shi labari. Tolkien ya kawar da idon yaro daga jini. A fim, wannan yaƙin ne ya cinye mafi yawan kashi na uku, ana sare kawuna a fili. An kuma ƙirƙiro wata jaruma Tauriel da zancen soyayya, alhali babu ita a littafin. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta sa musu alamar 12A, wato ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya shiga silima sai da babba. Ni ina ganin hukuncin ya yi daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne, in ya fara da kallo, dodon nan Smaug mai aman wuta zai zama wanda kwamfuta ta zana masa har abada, nasa na zuci ba zai samu wurin tsirowa ba.

In kun gama littafin ya matsa sai ya kalla, akwai zanen katun na 1977, minti 77, ya fi kusa da shekarunsa. Na Jackson kuma a bari sai ya shiga sakandare, a gaya wa kawun nasa hakan cikin lalama.