Tambaya da Amsa: Maganin Isturojin Yana Buɗe Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, shekarata 52, al'adata ta ɗauke shekara biyu ke nan. Zafi yakan taso mini da dare har in jiƙe da gumi, ga yawan mantuwa. An ce in sayi ƙwayar isturojin, wai tana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hana gigin tsufa. Ina tsoro.

Amsa: Malama, mantuwar nan tana da tushe. Ƙwaƙwalwa na cin kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin jiki, kuma da sukari take aiki. Isturojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, na taimaka mata wajen ƙona shi, yana kuma sa bangon jijiyoyin jini ya saki. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka da na'urar PET sun nuna ƙonawar tana raguwa a shekarun ɗaukewar al'ada. Ga yawancin mata lamarin yana lafawa, kuma rashin barcin da gumin dare ke jawowa shi kansa yana kawo mantuwa.

Amma batun hana gigin tsufa, daga nan masu tallar magani suke ɓatar da mutane. Babban binciken lafiyar mata na Amurka mai suna WHI ya nuna a 2002 cewa ƙwayar da ta haɗa isturojin da furojastin (sinadarin da ke kare bangon mahaifa) tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A 2003 reshensa ya gano gigin tsufa ya kusan ninkawa a matan da suka fara sha suna da shekara 65 ko fiye. Dalili? Ana ganin jijiyar da ta tsufa ta yi kauri ba ta amsa wa isturojin kamar lafiyayya. Sannan ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuwa ta ƙara sinadaran daskarar da jini. Wanda ya ce miki tana "buɗe jijiya", ya auna hawan jininki? Ya tambaye ki ko kin taɓa samun gudan jini a ƙafa, ko sankarar mama, ko ciwon kan ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido? Wasu ma ƙwayar tazarar haihuwa suke miƙa wa mata, alhali isturojin ɗinta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ke da ba ki kai 60 ba, kuma al'adar ba ta shekara 10 da ɗaukewa ba, ana iya ba ki maganin saboda zafin da gumin. Na mannawa a fata, mikirogiram 50 ko ƙasa, ba ya fara bi ta hanta, don haka haɗarin daskarewar jini ya fi sauƙi. In mahaifarki na nan, dole a haɗa da furojastin, in ba haka ba bangonta zai yi kauri har ya iya zama sankara. Kafin nan a duba hawan jini, sukari, ƙarancin jini da aikin tayiroid, wato ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo.